Inda Sa'adatu Ke Zuwa

Inna Atine ta banka ƙofar likitar a asibitin Gummi, kishi na cin ranta.

"Ni na haifi Sa'adatu. Tun da ɓarayin daji suka sako ta ba ta ce mani uffan ba, amma ke tana zazzage maki cikinta. Me kika ba ta?"

"Ban ba ta komai ba, Inna," in ji likitar. "Koya mata nake, in tsoro ya taso, ta rufe ido ta tuno inda hankalinta ya fi kwanciya."

"Wato nan wurinki."

Sa'adatu, da ke zaune a gefe, ta ɗago kai.

"Gindin turminki nake zuwa, Inna, kina dakan fura kina yi mani faɗa."