Ƙusar Heiroku

Tsohuwa Osue ba ta gani, don haka a kan doki Magobei, ɗan ƙanen mijinta, ya kawo ta babban birni, shi yana tafe a ƙasa riƙe da linzami.

A zamanin da Babban Sarkin Yaƙi yake haɗe ƙasar Japan, ya sa a karɓe takobin kowane manomi. Aka ce za a narkar da su a yi ƙusoshin da za su riƙe ƙaton mutum-mutumin Buda, ladan ya bi masu su har lahira. Daga ranar, mai takobi jarumi ne, marar shi manomi, har jikokinsa.

Magobei ne ya tattara na ƙauyensu. Heiroku, mijin Osue, ya miƙa nasa da hannu biyu, bai kai girbi na gaba ba ya rasu. Magobei kuwa ya shiga sahun jarumai, ya daina taka lakar shinkafa.

Abu ɗaya tsohuwar take roƙonsa kullum: ya kai ta ta gaida ƙarfen mijinta kafin ta mutu. Ya yi ta kawo uzuri, har uzurin ya ƙare.

A hanya ta yi ta tsokanarsa. "Kai Magobei, jarumi ne kai ko mai tallar tukwanen ƙarfe? Ko barci nake na san inda kake."

Bai yi dariya ba. Ya dai dafe ƙugunsa ya rage sauri.

Da suka shiga ɗakin ibadar da mutum-mutumin yake ta ce, "Wace ƙusa ce tasa?"

Ya ɗaga kai ya dubi Buda, ya yi maza ya sunkuyar. "Ta wajen gwiwar dama, Inna."

Osue ta durƙusa, ta ajiye dunƙulen shinkafa irin wanda Heiroku yake so, ta kafa goshi a ƙasa. Sai mutane suka fara ƙunshe dariya, domin ta ba Buda baya.

Magobei ya raɗa mata, "Inna, kin juya. Ni kike fuskanta."

"Tsaya inda kake, ɗan nan, kada ka motsa," in ji ta. "Ƙotar takobin Heiroku ta daɗe da yin sako-sako. Tun ina amarya na san ƙararta, kuma tun daga gida nake jin ta a ƙugunka."