Wafati

Ina aji uku a elementare ta Bodinga, a shekarun da Turawa ke kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Wata rana bayan la'asar, Inna Hajo, maƙwabciyarmu, ta kira ni in karanta mata wasiƙa. Ɗanta Ummaru yana cikin waɗanda aka kwasa.

Tana zaune tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai kyau. Na fara karantawa a zuci, sai na ci karo da wannan: "Ummaru ya yi wafati ranar Laraba."

Ban taɓa jin kalmar ba. Amma malaminmu ya koya mana cewa in kalma ta gagare ka, ka tambayi maƙwabtanta. Na duba gabanta, na ga "ciwon ƙirji kwana tara." Na duba bayanta, na ga "sai haƙuri" da "bargonsa yana hannunmu." Nan take na gane.

"Ɗan boko, mi yac ce?"

"Inna, lahiya lau shike. An dai sake musu gari, wai shi Wafati."

"Da nisa?"

"Da nisa, Inna."

Ta zaɓi manyan albasa biyu ta danƙa mini. "Ungo, ka kai ma uwarka. Allah shi yi ma karatunka albarka."

Na daɗe ina gaya wa kaina ƙuruciya ce, ban san kalmar ba. Yau na tsufa, ina neman gafarar Allah, ba zan ƙara wata ƙaryar ba. Na sani sarai. Tsoron kukanta na ji, na karɓi albasar na tafi.