Jinyar Talatu

Ranar da aka sallami Cindo daga asibiti a Gumel, malamin asibitin, Haladu, ya ja shi bayan gini ya rage murya.

"Kai naka mai sauƙi ne, Malam Cindo. Matarka ce abin ji."

Cindo dama ya san nasa mai sauƙi ne. Kwana biyu ya yi a kwance jiki na karkarwa, gumi na zuba, tsokar ƙafa na fizga kamar ta akuyar da aka yanka, amma shi a wurinsa zazzaɓi ne kawai. Haladu ya ce haɗa ƙwayoyi ne ya kusa kai shi lahira: farar da wani likita ya ba shi a Kano, da jar da ya saya a kasuwar Maigatari, irin wadda direbobi ke sha don kuzari. Cindo jinsa kawai ya yi. Mutumin da farin bara ya kashe wa shanu talatin da ɗaya bai zubar da hawaye ba, shi ne ƙwaya biyu za ta kayar?

Amma maganar matarsa Talatu ta tayar masa da hankali. Haladu ya ce damuwa ce ke cinta a tsaye, in aka yi sake ba lallai ta ga kaka ba. Maganin ba a kwalba yake ba. A fita da ita kowane hantsi ta yi tafiya rana na dukanta, a cika ta da nono da wake da gyaɗa, kada a bar ta ta ci ita kaɗai. Duk ƙwayar da ke gidan a kawo masa, kada ta haɗiye. Kuma kada ta san jinyarta ake yi.

Shekara ashirin da shida suna tare, amma bai lura ba. Ina zai lura, wata bakwai yana ɗaki da asabari a sauke, yana hutawa. Yana shiga gida kuwa ya same ta ta yi tagumi, ta sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo. Tausayi ya kama shi. Kafin la'asar ya ƙulle ƙwayoyinsa a tsumma ya kai wa Haladu, ransa na sosuwa.

Washegari ya fara dabara. Ya ce zai je ganin karsana biyun da suka rage masa a rugar ƙanensa Sajo, kan hanyar Gagarawa, kuma yana bukatar mai ɗauko ƙwaryar nono. Talatu ta tashi tana jan ƙafa. Suna fita gari sai ta miƙe hanya, shi yana bayanta yana haki. Ya ce a ransa lallai ciwon nan ba ya barin mutum ya natsu.

Cin abincin ne ya fi ba shi wahala. Dattijo irinsa a zaure yake ci, bai taɓa haɗa akushi da mace ba. Ya haɗiye kunya ya zauna a tsakar gida, ya ce in ba ta ci ba shi ma ba zai ci ba. Sai ta kai loma ɗaya, shi ya kai uku don ya nuna mata yadda ake yi. Labari ya zaga unguwa, abokai suka riƙa tambayarsa yaushe zai fara daka. Ya bar su da bakinsu, yana dariya a ciki. Su ba su san aikin da aka ɗora masa ba.

Wata safiya ƙafafunsa suka yi nauyi, ɗakin ya yi masa daɗi kamar da. Ya ce yau dai a huta. Talatu ta kwanta ta juya fuska bango, ko ruwa ta ƙi sha. Tsoro ya kama Cindo, ya ga kamar yau za ta tafi ta bar shi. Ya sa takalmi yana lallashinta har ta tashi. Sau uku ya gwada hutu, sau uku ciwon yana dawowa, daga nan bai ƙara ba.

Da damina ta kankama ya mayar da tafiyar zuwa gona, tunda can ma rana ce. Ya kama fartanya don kada ta gan shi a zaune ta karaya. Kafin gero ya nuna, rigarsa ta matse shi, ya koma zaga kasuwar dabbobi yana taya karsana, ana jin dariyarsa daga bakin zaure. Talatu ma ta soma dariya, ko da yake ba ta ƙara ƙiba ba, ba ta kuma rage ba.

Bayan girbi ya tasa ta gaba har wurin Haladu, yana tafe yana baza riga.

"Ga ta nan, Malam. Na warkar maka da ita, ba ta ma sani ba," in ji shi a hankali.

Haladu ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce madalla, aiki ya yi kyau. Cindo ya fita waje gaisawa da wani dillali. Talatu ta leƙa ta tabbatar ya yi nisa, sannan ta gyara mayafi.

"To Malam, dabarar da na kawo maka ta yi, maigida ya warke. Sai ka gaya masa na samu lafiya, don wata huɗu ina ajiyar zuciyar ƙarya, ƙirjina har ya fara ciwon gaske."