Katin Gagarau na Goma Sha Biyu

"Yanzun ga wani tsoho yas saye katin," in ji mai tsoffin kaya a kasuwar Shagari. "Ga shi can bisa kabu-kabu."

Kamilu ya haye babur ɗinsa ya mara musu baya. Karo na huɗu ke nan ana riga shi.

Tun da ya fara tara tsoffin katunan wasanni, mahaifinsa ke ce masa ya tsaya kan 'yan ƙwallo. Shi kuwa ya kafe a kan ɗan kokawa guda, Tasi'u Gagarau. Kala goma sha biyu aka buga, sha ɗaya na hannunsa a Bodinga. Na ƙarshen kuwa, duk inda ya ɓulla sai wani ya saye.

A hanyar Kajiji ya sha gabansu.

"Dattijo, don Allah, ko gani bari in yi."

Tsohon ya sauko daga babur ɗin. Sannan ya janye rawanin da ya rufe fuskarsa.

Mahaifinsa ne, mutumin da ya raine su da labarin bayansa bai taɓa ƙasa ba a fagen kokawa.

Ya miƙo katin. Ga Gagarau ya cira wani saurayi sama, ƙafafu na lilo. Fuskar saurayin ta fito tar, ta mahaifinsa ce.

"Shekara talatin ina bi ina ƙonawa," in ji tsohon. "Kada innarka ta gani."

Kamilu ya ɗago kai daga katin.

"Baba, ai Inna ce ta ce in zaɓi Gagarau. Ta daɗe da sani."