Hanta Marar Maɗaciya

Ke Kyauta, wa ya aike ki? An ba ki hanji ki wanke, kin tsaya tambayar mene ne wannan farin naman. Yaran yanzu bakinku ya fi hannunku aiki. Matso da ƙwaryar, in faɗa sau ɗaya, kada a sake tambayata.

A shekarar yunwar Kakalaba akwai wani mahauci a Maigatari, Barau. Mahauta ta bushe, ƙudaje ma sun yi ƙaura. Ya bar matarsa Safara'u da 'ya'ya da ɗan guntun dusa, ya shiga ƙauyuka neman abin yankawa. Ya kai Sule Tankarkar, ya gangara har Gagarawa, bai ga dabbar da za a ɗora wa wuƙa ba.

A hanyar dawowa ya tarar da ayarin Buzaye, raƙuminsu guda ya durƙusa ya ƙi tashi. Ya yanka musu, ya feɗe. Ladansa tsoka kaɗan da hanta, da guntun hanjin da ke manne da ita. Ayari ya kwashe sauran ya yi arewa.

Ya shigo gida yana jan ƙafa, yana tsoron ƙirga 'ya'yansa. Ya same su cif, har ƙaramin yana rarrafe. Safara'u ce kawai ta zama kara. Ta ce ɗan'uwanta ne ya aiko da busasshen nama. Barau bai da ƙarfin tambaya. Ya lalubo tsohuwar wuƙarsa a jikin danga, ya ji ta da kaifi, ya yanyanka tsokar ya kai kasuwa.

Kafin la'asar maƙwabcinsa Sajo ya kai ƙara wurin Sarkin Fawa. Jakinsa ya ɓace tun makon da Barau ya bar gari, ga Barau ya dawo da nama ba kai, ba fata, ba ƙafa. Jakin nan da shi Sajo ke ɗebo ruwa yana sayarwa. Ya rantse naman jaki aka ciyar da Musulmi.

Kun san abin da wannan ke nufi ga mahauci. A karɓe wuƙa, a hana shi mahauta har ya mutu, jikokinsa ma a riƙa nuna su da baki.

Aka zauna a zaure, kowa ya jingina da bango don ba mai iya zama tsaye. Sarkin Fawa ya juya hantar, bai ga maɗaciya ba. Sajo ya ce to ga shi, dangin doki ba su da ita. Barau ya ce raƙumi ma ba shi da ita. Dattawa suka ce duka biyun haka suka ji daga iyaye. Sun yanka raƙuma, amma a cikinsu ba wanda ya taɓa buɗe jaki. Magana ta tsaya, kuma idan ta tsaya a kan wanda ake zargi take faɗawa. Sarkin Fawa ya miƙa hannu a ba shi wuƙar.

Sai ga Safara'u ta yi sallama a bakin zaure, tsinken tsintsiya a hannunta. 'Yar mahauta ce, tun tana ƙarama take wankin kayan ciki. Ta durƙusa, ta ce a yi mata haƙuri, ba hanta za a duba ba.

Ta ɗaga irin wannan farin naman da ke hannunki, wanda ke manne da guntun hanjin, mai laushi kamar ƙullun kitse. Ta ce ruwa yake tsatsowa ya zuba a hanji ta wata siririyar hanya, kuma kowace dabba da tata. Na saniya hanyarsa daban take, can ƙasa da ta maɗaciya, ruwan da ɗan santsi kamar an jiƙa kanwa. Na akuya da tunkiya haɗuwa yake da hanyar ɗaci su shiga tare. Ta tsaga hanjin, ta zura tsinken, ya shige ƙofa guda.

"Baba Sarki, duba da kanka. Raƙumi ƙofa ɗaya gare shi. Jaki kuwa biyu gare shi, babba da ƙarama suna kallon juna. Ruwansa kuma yawa gare shi, tsararo, gishiri-gishiri a harshe. Wannan raƙumi ne."

Sarkin Fawa ya laluba da ɗan yatsa, bai sami ta biyu ba. Ya ce a bar wa Barau wuƙarsa. Sajo ya ce wataƙila kura ce ta ɗauke jakin, a yafe masa. Aka watse, ba wanda ya yi murna, kowa cikinsa ke kiransa.

Barau ya bi bayan matarsa zuwa gida, yana jin bai taɓa sanin darajarta ba sai yau. Har ya buɗe baki zai sa mata albarka. Sai ya tsaya a ƙofar gida, yana kallon 'ya'yansa suna kokawa a ƙasa, su kaɗai a unguwar da ke da ƙarfin kokawa.

Shi da aka haifa a mahauta, da ubansa, da uban Safara'u, duk ba wanda ya taɓa ganin cikin jaki, balle ya san ɗanɗanon ruwansa. Ɗan'uwan nan nata kuwa mai aiko da nama, Barau da hannunsa ya sa shi a kabari tun kafin damina. Ke Kyauta, rufe bakin nan, ki ɗauraye hannu. Ku duka ku tashi ku kwanta.