Yaren Mutum Biyu

"Malam, wannan ba maganar kurame ba ce da na karanta," in ji tafintar asibitin, ta sauke hannuwanta. "A gidanku aka ƙirƙiro ta. Wa ke jin ta?"

"Innarmu ce kaɗai," ya ce. "Watanta biyu da rasuwa."

Ƙanwarsa, kurma tun haihuwa, tana ta murƙususu a kan gado. Ita da Inna suka haɗa yarensu da yatsu, a bakin murhu da wajen wanki. Shekara talatin yana wucewa ta gabansu, ko "ruwa" bai tsaya ya koya ba.

"Ina ke mata ciwo?" likita ya daka masa tsawa. "Ba zan tsaga mutum a kan zato ba!"

Ita kuwa abu ɗaya take maimaitawa: ta ja yatsa a kan girarta ta hagu, ta sake ja, idonta a kansa.

"Don Allah yi wanda zan gane!" Da baki yake roƙonta, sai ka ce yau za ta fara ji.

Ya juya zai ɓoye hawaye, sai ya ga fuskarsa a gilashin taga. Tsohon tabo ya raba girarsa ta hagu.

Ashe yana da suna a yarensu. Ashe shi take ta kira.

Ya durƙusa, ya shafi tabon, ya dafa ƙirjinsa. Ta cafki hannunsa, ta danna shi a gefen cikinta na dama.

"Likita," ya ce, "ta ce nan ne."