Manomin Jigawa da Ruwan Shamuwa

Tunda ka ce ai kowa ma haka yake yi, gyara zama ka ji yadda wani manomi ya ƙare.

A garinsu tun kaka da kakanni, in shamuwa ta sauka kan kukar bakin kasuwa, aka yi ruwa ɗaya a bayanta, to shuka ta hau kan kowa. Shekarar nan bazara ta yi tsawo, rumbuna suka bushe har ɓeraye suka yi ƙaura ba sallama. Abin da ya rage wa mutumin nan ƙwarya guda ce ta irin gero, wadda matarsa ta zuba a tulu ta liƙe da laka. Tana jin kukan yunwar 'ya'yanta, ta danne zuciya ba ta fasa ba. Da ruwan ya sauka, gari ya ɗau sungumi. Gonakin mutane duk a kwari suke, ƙasa mai riƙe laima. Tasa kuwa jigawa ce, rairayi zalla. Ya durƙusa ya tona da hannu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba sai ga busasshiyar ƙasa, har da ɗumi kamar tokar murhu. Ya karkaɗe hannu ya koma gida da irinsa.

Nan fa gari ya samu abin taunawa. Taubashinsa, mai baki kamar reza, ya tare shi a dandali: "Ga malamin shamuwa nan! Tsuntsuwa ta ƙetaro duniya da labarin ruwa, kai kana tambayar yatsanka?" Aka yi ta shewa. Dattawa suka ce wanda ya fi iyayensa wayo bai cika gamawa lafiya ba. Ya daure, ya daure, har ya zama ko masallaci ya shiga sai ya ji ana ƙunshe dariya. Idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa, amma kunya ta fi su nauyi. Ya ɗauki sungumi, ya binne ƙwaryar nan kaf, ko ƙwaya bai rage ba.

Gero ya tsiro, sama ta rufe bakinta. Na kwari ya lanƙwashe yana jira, nasa ya ƙone ƙurmus. Ran da ruwa ya dawo na gaske, gona na neman iri, tulu wayam. Autar 'ya'yansa ba ta ga kaka ba, yunwa ta ɗauke ta.

Ƙarshe ƙwadago ya koma yi a gonar taubashin nan, don ɗan abin da za a ɗora a murhu. Yana duƙe yana noma geron wani, mai gonar ya tsaya a kansa, ya girgiza kai da tausayi, ya ce: "Amma kai ma dai, ka san gonarka jigawa ce, me ya kai ka bin mu?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da nomansa. Tun tuni Bahaushe ya gama magana: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.